Dashen Inji a Tsohuwar Akori-kura: Ilimin Kimiyya a Gindin Dalbejiya

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara a ranar kasuwa, ko ta Dawanau ce ko ta Giwa ko ta Maigatari, ba sai an kwatanta masa akori-kura ba. Ita ce ke kwaso buhunan masara da na barkono daga ƙauyukan da babbar mota ba ta iya shiga, ita ce ke ɗauko tumaki da masu tumakin a tafiya guda, kuma sau da yawa ita ce motar asibiti idan naƙuda ta yi tsanani da tsakar dare. Da yawa daga cikin tsofaffin da suka rage ƙirar Peugeot ne, wato Fijo a bakinmu. Samfurin 404 ya fito a Faransa a shekarar 1960, na 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, inda aka ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Saboda haka akori-kurar da ake gani a yau tana haki a kan hanya, mai yiwuwa ne ta girmi direbanta.

Irin wannan mota gangar jikinta na da ƙarko, amma inji kam yana da iyaka. Idan ya fara shan baƙin mai kamar yadda yake shan fetur, yana hayaƙi, yana kasa hawan tudu, to mai ita yana da zaɓi biyu: ko a wargaza injin a sake masa kayan ciki, ko a sayo wani, galibi ɗan Kwatano, daga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a ɗora. Mutane da yawa kan yi wannan aiki a ƙofar gida, su kira bakanike da yaransa, ko kuma mai motar ya yi da kansa shi da 'ya'yansa. Wani zai ce, me ya haɗa malamin nazarin halittu da sufana? Amsar ita ce, kusan kowane mataki na aikin nan darasi ne daga cikin littattafan kimiyyar sakandare, kuma jikin da ke iya rauni a wurin, da huhun da ke shaƙar hayaƙin, da bishiyar da aka rataya wa injin, duk a fagenmu suke.

Wuta iri biyu

Inji da jikin ɗan Adam sana'arsu ɗaya. Kowannensu yana ɗaukar makamashi mai ɗauke da kabon da haidirojin, ya haɗa shi da iskar oksijin, ya samu ƙarfi, ya fitar da ruwa da iskar kabon-dayoksaid. Fetur ɗin ma asalinsa halittu ne, ƙananan tsirrai da dabbobin teku da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce, ƙasa ta binne su, zafi da matsi suka mayar da su mai. Bambancin yana cikin yadda ake ƙonawa. Jiki yana ƙona sukarin gulukos sannu a hankali, mataki bayan mataki, a cikin ƙwayoyin halitta, da taimakon sinadaran da ake kira inzayim, kuma duk wannan a zafin digiri 37 kacal na ma'aunin Salsiyos. Inji kuwa ba ya da wannan haƙuri. Yana ƙona rabonsa a ƙiftawar ido, zafin wutar da ke cikin silinda ya haura digiri 2,000.

Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da kilokalori kusan 8,000, wato abincin babban mutum na kwana uku. Kafin a ƙona ta sarai ana buƙatar iska kimanin lita 9,000, kusan abin da mutum ke shaƙa a yini da kwana idan yana hutawa. Abin mamaki, wajen amfani da wannan ƙarfi su biyun ba su da nisa da juna: tsohon injin fetur yana mayar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai zuwa motsi, tsokar mutum ma haka. Ragowar zafi ne, wanda dole a fitar da shi, mu ta hanyar gumi, inji ta lagireto da salansa.

Tsarin bugu huɗu da waɗannan injuna ke aiki da shi, Bajamushe Nikolaus Otto ne ya daidaita shi a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya kyasta wuta ta tura shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ɗalibi ya gwada wannan lissafi: idan inji mai silinda 4 yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a juyi biyu, ke nan ana samun fashewa 100 a kowace daƙiƙa. Zuciyar mutum tana bugawa kamar sau 70 a minti. Amma zuciya tana gyara kanta tana cikin aiki, ƙwayoyinta suna sabunta sassansu dare da rana, alhali ƙarfe abin da ya ci ya ciyu ke nan.

Wane inji ne zai zauna?

Ranar 3 ga Disamba, 1967, likita Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar mutum na farko a asibitin Groote Schuur da ke birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Majinyacin ya rayu kwana 18. Babbar matsalar masu dashe tun daga lokacin ita ce garkuwar jiki, wadda ke ɗaukar sabuwar gaɓa a matsayin baƙuwa ta far mata. Mota ba ta da garkuwar jiki, amma ita ma tana da hanyoyinta na ƙin baƙo. Dole kujerun inji su faɗa daidai inda aka tanada musu a jikin shasi. Dole ramukan notin bayan inji su yi daidai da na akwatin giya, haƙoran da ke tsakiyar faifan kuloci kuma su dace da na sandar giya. Dole kaskon baƙin mai da ke ƙasa ya kuɓuce wa ƙarfen da ya gitta ƙarƙashinsa da sandunan sitiyari. Shi ya sa hanya mafi sauƙi, kuma a ganina mafi hankali ga mai aiki a gida, ita ce a mayar da irin injin da aka cire. Injin fetur na 404 girmansa lita 1.6 ne, na 504 kuma akwai mai lita 1.8 da mai lita 2.0. Duk 'yan gida ɗaya ne, amma ko a tsakaninsu sai an gwada an auna kafin a biya kuɗi.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowane mai mota lissafin mai yake yi, wasu har suna sha'awar ɗora injin wata mota daban. Wannan yana yiwuwa, amma aiki ne da ya wuce ɗaure noti. A ɗauki misalin sauya injin fetur da na dizal. Na dizal ya fi nauyi, yana buƙatar batir mai ƙarfi, da bututun mayar da rarar mai cikin tanki. Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa. A motocin da birkinsu ke da mataimaki, wato gangar nan da ke bayan fedar birki, ƙarfin zuƙar injin fetur ne ke tafiyar da shi. Injin dizal ba ya da irin wannan zuƙa, sai an haɗa masa famfo na musamman. Idan ba a yi ba, direba zai taka birki ya ji kamar dutse ya taka. Haka nan injin zamani mai feshin mai ba ya tashi sai da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinta, kuma famfonsa yana tura fetur da matsi da ya ninka na kafireto kamar sau goma, wanda tsohuwar robar mai ba za ta jure ba.

Sai kuma batun gudu. Inji mai ƙarfi a jikin mota mai tsohon birki abin tsoro ne, domin ƙarfin motsi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. Motar da ke gudun kilomita 120 a sa'a tana ɗauke da ƙarfin motsi ninki huɗu na wadda ke gudun 60, kuma duk birki ne zai mayar da shi zafi kafin ta tsaya. A tuna kuma cewa a bayan motar nan mutane ne zaune a kan buhuna.

Kafin a ɗauko inji daga kasuwa, a sa sufana a juya shi da hannu, a ji ko yana juyawa ba tare da cijewa ba. A kwance fulogogi a duba. Wanda ya yi ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau ne, wanda ya jiƙe da baƙin mai yana ba da labarin zobban fistin da suka ƙare. Idan baƙin man ya koma kamar koko da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Injunan Peugeot ɗin nan suna da wata siffa da ta sa suka yi tsawon rai a ƙasarmu: silindarsu ba a jikin injin aka huda su ba, bututun ƙarfe ne, wanda kanikawa ke kira silib, ana zura shi ana zarewa, ruwan sanyaya inji yana kewaye shi kai tsaye. Idan ya cinye sai a sake sabo da fistinsa, ba sai an kai injin wurin masu gurza ba. Sai dai wannan alheri yana da sharaɗi. Idan an cire kan inji, kada a juya karanshaf sai an danne bututun nan da ƙarfe da noti, domin in suka motsa, abin da ya toshe gindinsu zai saki, ruwa ya riƙa zurarewa cikin baƙin mai.

Reshe, sarƙa da nauyi

Injin ƙarfe mai silinda 4 da kayan jikinsa yakan kai kilo 150, na dizal ya fi haka. Al'adar da aka saba ita ce a tura motar gindin dalbejiya ko mangwaro, a ɗaura sarƙa a reshe. A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ne ake karya ƙafa da ƙugu.

Reshe kamar hannun mutum ne da aka miƙe. Riƙe bokitin ruwa kusa da ƙirjinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji bambanci a kafaɗarka, alhali ruwan bai ƙaru ba. Ƙarfin da ke neman karya reshe a gindinsa shi ne nauyi sau nisa. Injin da aka rataya a nisan mita 2 daga kututture yana wahalar da gindin reshen ninki huɗu na wanda aka rataya a rabin mita. Ƙari a kan haka, idan injin ya maƙale aka fizge shi, ko ya yi lilo, nauyin da reshe ke ji na ɗan lokaci ya wuce nauyin injin nesa ba kusa ba.

Ganyen kore ba shaida ba ne cewa reshe yana da ƙarfi. Sassan bishiya masu rai a wajen waje suke. A ƙarƙashin ɓawo akwai siririn fegi da ke saukar da abinci daga ganye zuwa saiwa, sai wani mai sabunta itace, sannan farin itacen da ke hawar da ruwa. Tsakiyar kuwa matacciya ce, aikinta riƙe nauyi kawai. Gara da ƙwayoyin ruɓa suna iya cinye wannan tsakiya ƙarƙaf, reshen yana nan da ganyensa shar, har yana fure. Kowa ya taɓa ganin tsohuwar kuka mai kogo tana 'ya'ya. Alamomin da za a kula da su sun haɗa da tabon tsohon sara, da laimar kwaɗi a jikin kututture, da hanyar gara, da amon ganga idan an ƙwanƙwasa. Ita ma bishiyar tana da nata ƙorafi: sarƙar da ta yanke ɓawo ta zagaye reshe ta datse hanyar abinci, kuma raunin ƙofa ce ga ruɓa, ta yadda reshen da ya ɗauki inji bara ya fi rauni bana. In da hali, a sa mai walda ya haɗa ƙafafu uku na bututun ƙarfe mai kauri, a ɗaure gindinsu da sarƙa kada su baje, a kafa su a ƙasa mai tauri.

Abin ɗagawar shi ne kura, irin ta rijiya amma mai sarƙa da haƙora, wadda kanikawa ke kira cen-bulok. Ba ta ƙirƙirar ƙarfi, musaya take yi. Idan mutum yana ɗaga kilo 150 da ƙarfin da bai wuce na ɗaga kilo 15 ba, to sai ya ja sarƙa aƙalla mita 10 kafin injin ya tashi mita 1. Sarƙar da aka ɗaura wa injin kuma kada ƙafafunta biyu su buɗe da yawa. Idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ƙafa tana ɗauke da nauyin injin gaba ɗaya, maimakon rabi. Injin 404 da na 504 a kishingiɗe suke zaune, sun karkata digiri 45, saboda haka a ɗaura su yadda za su sauka a karkacensu.

Idan za a ɗaga motar, jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota da shi kaɗai. Ba a kuma tokare ta da bulo. Siminti ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara kafin ya fashe, rugujewa yake yi farat ɗaya. Guntayen katako masu faɗi ko ƙafafun ƙarfe su ne abin dogaro, a kuma sa wa tayoyin baya waigi. Samari masu ji da ƙarfi da ke son ciccibar inji da hannu su san cewa tsokar baya gajeren hannu take aiki da shi, kusa da ƙashin baya, don haka wanda ya sunkuya ya ɗaga nauyi yana matse faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugunsa da ƙarfi da ya ninka nauyin sau da yawa. Idan faifan ya bulluƙo ya danne jijiya, ciwon yana iya bin mutum har tsufa.

Cirewa da ɗorawa

Abu na farko da ake cirewa shi ne wayar batir, kuma ta ɓangaren da ke da alamar ragewa ake farawa. Dalili shi ne gangar jikin mota duka a haɗe take da wannan ɓangare. Idan aka fara da ɗaya ɓangaren, sufana ta taɓa jikin mota, an haɗa wuta ke nan, sufana ta yi ja, tartsatsi ya tashi kusa da batir mai fitar da iskar haidirojin. Fetur kuwa tururinsa ne ke kamawa, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa har ya iske murhu ko kaskon gawayi a tsakar gida. Ranar aiki a nisanta girki, mai taba ya yi haƙuri. Ɗabi'ar zuƙo fetur da baki ta tiyo ma a bar ta. 'Yar kaɗan da ta sarƙe mutum ta faɗa huhu tana wanke santsin da ke hana ƙananan jakunkunan iska manne wa juna, ta kawo kumburin huhu mai tsanani. Wanda ya haɗiyi fetur ko kananzir kada a sa shi amai, domin aman ne ke kai shi huhu. A kai shi asibiti.

Sauran cirewar haƙuri ne kawai. A tsiyaye ruwa da baƙin mai, a cire lagireto da fanka, a liƙa wa kowace waya da kowane tiyo takarda mai lamba, a ɗauki hoto da wayar hannu, notin kowane sashe a gwangwaninsa. A tokare akwatin giya kafin a raba shi da inji. Baƙar ƙurar da ke cikin gidan kuloci kada a hure ta da baki: tsofaffin faifan kuloci da na birki suna ɗauke da asbesto, wanda zarensa ke maƙalewa a huhu ya haifar da cuta bayan shekara 20 ko fiye. A share ta da jiƙaƙƙen tsumma. Tun da inji yana waje, wannan ne lokacin sake faifan kuloci da robar da ke tare baƙin mai a bayan karanshaf, domin kuɗinsu kaɗan ne, amma isa gare su daga baya sai an sake sauke inji.

Wurin da ake shan wahala shi ne aurar da inji da akwatin giya. Dole faifan kuloci ya zauna a tsakiya cif kafin a ɗaure murfinsa, kuma kanikawa kan yi amfani da tsohuwar sandar giya su daidaita shi. A sauke inji a hankali, tazarar da ke tsakaninsa da akwatin giya ta zama daidai sama da ƙasa, dama da hagu, a ɗan juya karanshaf har haƙora su shiga juna. In sun dace za su haɗu da turin hannu. In sun ƙi, akwai dalili, a nemo shi. Wanda ya ce zai jawo su da ƙarfin noti, zai lanƙwasa faifan ko ya tsaga gidan kuloci. Yatsu kuma kada su shiga tsakani ko da wasa.

Noti ma yana da iliminsa. Idan aka ɗaure shi, miƙewa yake yi kaɗan kamar roba, kuma ƙoƙarinsa na komawa shi ne ke matse sassan biyu. Miƙewar tana tafiya daidai da ƙarfin da aka sa, har zuwa wata iyaka. In an wuce ta, notin ya saki ke nan har abada. Wannan ita ce dokar Robert Hooke, Baturen Ingila, wadda ya bayyana a 1678. Ɗaliban nazarin halittu sun san shi ta wata ƙofar, domin shi ne a 1665 ya leƙa ɓawon itace a madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere, ya raɗa wa ƙwayar halitta sunan da ake kiranta da shi a Turance har yau. Saboda dokarsa ne ake ɗaure notin kan inji da na faifan bayan inji da sufana mai awo, bisa adadin da littafin motar ya faɗa, a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku.

A wajen mayar da wayoyi, akwai wata mai kauri da ke haɗa inji da jikin mota, wadda ake yawan mantawa. Kik yana jan wuta fiye da amfiya 100, kuma in bai samu wannan hanya ba zai bi ta wayar totur ko wata siririyar waya ya ƙone ta. Fulogogi suna kamawa a jerin 1-3-4-2, amma a lura, injunan Faransa da yawa suna fara ƙirga silinda ta 1 daga wajen akwatin giya. Sai tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama. Kanikawanmu da dama suna cire shi su yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da su ba. An ƙera inji ya yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 90, kamar yadda inzayim ɗinmu ke son 37. Injin da ke aiki a sanyaye, musamman da asubahin hunturu, fetur ba ya zama tururi sosai a cikinsa, yana wanke man jikin silinda, ya tsinka baƙin mai, ya ƙara cin ƙarfe. Idan inji yana zafi fiye da kima, a duba lagireto, wanda sau da yawa gishirin ruwan rijiya ne ya toshe shi, kamar farin dattin da ke taruwa a gindin butar shayi.

Tashin farko

Tsakanin karanshaf da mazauninsa akwai tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma baƙin mai ne ke cika ta, ƙarfe yana yawo a kan mai ba ya taɓa ɗan'uwansa, kamar yadda ruwan gaɓa ke raba ƙasusuwan gwiwa. Injin da ya yi watanni a jirgin ruwa da rumfar kasuwa wannan mai ya tsiyaye. Don haka a zuba sabon mai da sabuwar matata, a cire fulogogi, a katse wutar da ke zuwa musu, a buga kik na 'yan daƙiƙoƙi har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da su a tayar.

A fili za a tayar, ba a cikin zaure ko garejin da aka rufe ba. Idan iska ba ta ishi fetur ba, maimakon kabon-dayoksaid sai a samu kabon-monoksaid, kuma tsohon inji mai kafireto da ba a riga an daidaita ba yana fitar da ita da yawa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Himogulobin, jan sinadarin da ke dakon oksijin a cikin jini, yana kama ta da ƙarfi fiye da yadda yake kama oksijin sama da sau 200, saboda haka kaɗan a cikin iska ta isa ta mamaye jini. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda mutum zai ɗauka gajiyar aiki ce ko zazzaɓi, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, a wurin da iskar take. Ita ce dai ke kashe iyali guda idan aka kwana da janareta a ɗaki. Wanda ta kama a fitar da shi sarari nan take a kai shi asibiti. A iskar waje jini yana ɗaukar sa'a 4 zuwa 5 kafin ya zubar da rabinta, da oksijin na asibiti kuwa abin bai fi sa'a ɗaya da 'yan kai ba. A kuma tabbata salansa ba ta yoyo ƙarƙashin mazaunin direba ko ƙarƙashin akori, inda fasinja ke zama cikin rumfar tamfol.

Idan inji ya tashi, a sa ido a kan fitilar mai da allurar zafi, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga silinda. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Matsin da ke ciki ne ya hana ruwan tafasa ko da ya wuce digiri 100, da an buɗe sai ya zama tururi ya yi tsiri a fuska. Wanda ya ƙone a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi na minti 20. Ba a shafa man goge baki, ko ƙwai, balle baƙin mai.

Tsohon baƙin man da aka tsiyaye shi ma sai an yi masa tanadi. Yana ɗauke da ƙurar ƙarafa da sinadaran da ƙonewa ke haifarwa, dangin waɗanda ke cikin kunkunniya. Tun a 1775 likita Percivall Pott na Landan ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi suna kamuwa da sankarar fata, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna tsohon man inji yana yin irin wannan illa idan ya daɗe yana taɓa fata. Saboda haka ba maganin ƙazuwar akuya ko ta jaki ba ne, kamar yadda wasu ke yi. Idan aka zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya hana oksijin shiga, yana kuma tsuma cikin ƙasa. A tara shi a jarka mai murfi a kai wa masu saye. Ruwan lagireto mai launi kuwa zaƙi gare shi, yara da kyanwa da kare suna sha, kuma yana lalata ƙoda. Wanke hannu da fetur yana kwashe maiƙon da ke kare fata, ga shi fetur na ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini. A murza hannun da ɗan man gyaɗa, sannan a bi da sabulu.

A makon farko a bi motar a hankali, ba lodi mai nauyi, ba gudu. A sake duba notin kujerun inji da na salansa da ƙarfin fambel bayan ta yi tafiya ta huce, a sake baƙin mai da wuri, domin shi zai kwaso dattin da injin ya zo da shi. Lambar da aka buga a jikin sabon injin ta bambanta da wadda ke cikin takardun mota, don haka a adana rasiɗin saye, a je ofishin rajistar motoci a gyara takardun kafin a fara ɗaukar kaya zuwa kasuwa.